Katsina a kusa, Yamai a nesa

Safo tana cikin kwarin Gulbin Maraɗi, kudu da birnin Maraɗi kaɗan, a yankin Madarumfa. Daga wannan yanki zuwa Katsina kimanin kilomita 90 ne ta Ɗan Isa da Jibiya, zuwa Yamai kuwa sai an ci kusan 660 bisa kwalta. Jirgin sama yakan isa Yamai cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, motar safa kuma ta cinye wa mutum yini. Duk da haka, tarihin yankin ya nuna masu riƙe da hanya su ne suka fi yanke tsawon tafiya.

Bayan masu jihadi sun karɓe Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa har suka zauna a Maraɗi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Kusan duk ƙarni na 19 dajin da ke tsakanin biranen biyu fagen hari ne, kuma tafiyar da jaki zai yi cikin 'yan kwanaki ta zama kasada da rai. Da Turawan Ingila da na Faransa suka daidaita iyaka a 1906, hanyar ta lafa, amma ta koma tsakanin ƙasashe biyu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Maraɗi ta riƙa bin kudu domin can ne kusa da teku. Faransa ba ta so hakan ba. A 1926 ta ɗauke hedikwata daga Damagaram zuwa Yamai, a 1953 kuma ta ɓullo da shirin Hirondelle, ana kwasar gyaɗa a manyan motoci zuwa Faraku, daga nan jirgin ƙasa ya kai ta Kwatano. Hanya ce mai tsawo ƙwarai, sai da aka tallafa mata da kuɗi kafin ta ja kaya.

Wani zai ce wannan tsohon zance ne, tunda Maraɗi tana da filin jirgin sama. To, su wa ke hawa? Jami'an gwamnati ne, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da manyan alhazai. Manomin da ya ɗaure buhun zogale a bayan babur, yana so ya kai kasuwa kafin ganyen ya yi yaushi, lissafinsa na shingayen duwan da jandarma ne. Wani kuma zai ce iyakar ba ta taɓa hana kowa wucewa ba. Da gaskiyarsa: lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, 'yan kabu-kabu ba su daina ratsa ɓarauniyar hanya da jarkokin fetur ba. Sai dai tafiyar awa biyu ta koma ta dare guda, kuɗin mota ya ninka, tsoho da mai ciki kuma suka haƙura da zumunci.

Yanzu ana shimfiɗa layin dogo mai kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Injiniyoyi za su iya faɗin gudun jirgin, amma tsawon tsayuwarsa a bakin iyaka yana hannun Abuja da Yamai.