High Tech High: Makarantar da ake auna ɗalibi da abin da ya ƙera

High Tech High rukunin makarantun gwamnati ne a yankin San Diego da ke jihar Kalifoniya a Amurka. Sun yi suna ne saboda ɗalibansu na koyon darussa ta hanyar ƙera abubuwa, zana su da ɗaukar fim, maimakon hadda da jarrabawa kaɗai. An buɗe ta farko a watan Satumban 2000 da ɗalibai kusan 200, a wani tsohon sansanin horar da sojojin ruwa. Yanzu makarantun sun kai 16, daga firamare har sakandare, ciki har da wadda ta fi mayar da hankali kan aikin fim da kafofin watsa labarai.

Tunanin kafa ta ya fito ne daga 'yan kasuwa da masu masana'antu na birnin, waɗanda suka koka cewa ba sa samun ƙwararrun matasan da za su ɗauka aiki. Gary Jacobs, ɗan wanda ya kafa kamfanin Qualcomm, shi da matarsa Jerri-Ann suka ba da tallafin kuɗi na farko. Shugabancinta kuwa ya faɗa hannun Larry Rosenstock, wanda ya karanta lauya amma ya shafe shekaru yana koyar da aikin kafinta a makarantun Boston da kewaye. A can ne ya lura da yadda ake tura 'ya'yan talakawa ɓangaren sana'a, 'ya'yan masu hali kuma ɓangaren da ke kai wa jami'a. Ya ɗauki wannan rabon a matsayin zalunci ga ɓangarorin biyu, don haka a High Tech High kowa na riƙe zarto, kowa kuma na karanta tarihi da lissafi.

Ba a biyan kuɗin makaranta, ba a kuma yin jarrabawar shiga. Ƙuri'a ake jefawa bisa unguwanni, domin a gauraya ɗan attajiri da ɗan leburan gini a aji ɗaya.

Yadda karatun ke gudana shi ne abin dubawa. Malamai biyu, misali na kimiyyar lissafi da na tarihi, kan haɗa ɗalibansu su ba su aiki guda da zai ci makonni ko zango sukutum. A wani aiki da ya shahara, an nemi 'yan aji tara su nazarci dalilan bunƙasa da rushewar dauloli, sannan kowace tawaga ta bayyana ra'ayinta da wata na'ura ta katako mai haƙora da ke juyawa, a haɗe su duka a babban faifai guda. Idan lissafin haƙoran ya kuskure, na'urar ba za ta motsa ba, kuma babu makin da zai rufa asirin hakan. Wasu ɗaliban sun wallafa littattafai kan halittun gaɓar tekun San Diego, ɗaya daga cikinsu da gabatarwar masaniyar nan Jane Goodall. Wasu kuma sun yi amfani da gwajin ƙwayoyin halitta wajen gano irin dabbar da aka samu naman daji daga gare ta, aikin da ya kai su har Tanzaniya.

A ƙarshen zango akan shirya daren baje koli, inda iyaye da jama'ar gari ke zuwa su duba, su yi tambayoyi. Kowane ɗalibi kuma yakan tsaya gaban malamai ya kare abin da ya koya. 'Yan aji 11, wato daidai da aji biyu na babbar sakandare, sukan yi makonni suna sanin makamar aiki a wani kamfani ko ma'aikata.

Tsarin bai tsira daga suka ba. Ɗalibin da ya kwashe wata uku a kan aiki ɗaya zai san shi ciki da bai, amma akwai babuka da dama na manhaja da ba zai taɓa ba, alhali jarrabawar shiga jami'a ba ta yafe su. Wannan fargabar ta iyaye ta fito fili a fim ɗin Most Likely to Succeed na 2015, wanda aka ɗauka a makarantar. Masu kare tsarin na cewa abin da aka haddace domin jarrabawa ba ya daɗewa a ka, hujjar da ke da ƙarfi, ko da yake ba ta cika kwantar da hankalin uwar da ɗanta ke fuskantar jarrabawa ba. Akwai kuma batun malamai: shirya irin wannan aiki ya fi bin littafi wahala nesa ba kusa ba, shi ya sa a 2007 rukunin ya buɗe tasa kwalejin horar da malamai. A 2019 aka ba Rosenstock lambar yabo ta ilimi ta WISE a birnin Doha na ƙasar Katar.