Zuwa Kallon Ƙwallon Ƙafa a Filin Wasa na Tunawa da Sardauna, Gusau

Filin Wasa na Tunawa da Sardauna yana cikin garin Gusau, babban birnin Jihar Zamfara, kuma shi ne filin da ƙungiyar Zamfara United ta yi suna a cikinsa. An raɗa masa sunan ne don tunawa da Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Jihar Arewa, wanda ya zauna a Gusau daga shekarar 1938 yana kula da gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato, ya kuma rasu ranar 15 ga Janairu, 1966. Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, filin ya zama dandalin manyan wasannin jihar.

Wannan bayani an shirya shi ne domin jama'ar karkara, musamman na ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, da kuma jami'an da kan jagoranci matasa zuwa kallo.

Ire-iren wasanni

Gasar ƙungiyoyi a Nijeriya hawa uku ce: babbar gasa ta ƙwararru mai ƙungiyoyi 20, sai gasa ta biyu, sannan ta uku wadda ƙananan ƙungiyoyi ke ciki. Zamfara United ta buga babbar gasar a ƙarshen shekarun 2000, ta sauka daga cikinta a 2011. Akwai kuma gasar cin kofin ƙalubale da aka soma a 1945, wadda ake fara fafatawa a kowace jiha kafin zakaru su haɗu a matakin ƙasa. A wannan gasa ce ƙungiyar unguwa ko ta ƙaramar hukuma kan sami damar karawa da manya.

Ana buga wasa minti 90, kashi biyu na minti 45, da hutun rabin lokaci da bai wuce minti 15 ba. A gasar rukuni, wanda ya ci yana samun maki 3, kunnen doki kuma maki 1 ga kowane ɓangare.

Shiri kafin tafiya

Wajibi ne mai niyyar zuwa ya tabbatar da rana da lokaci da kuma wurin wasan kafin ya bar gida, ta hanyar sanarwar rediyo ko ofishin wasanni na ƙaramar hukumarsa. Akan ɗage wasa, akan kuma mayar da shi wani fili idan ana gyare-gyare ko an sami wani dalili.

Mutanen Tsafe da Kwatarkwashi suna shigowa ta hanyar Funtuwa, na Bunguɗu da Nahuce kuwa ta hanyar Sakkwato. A al'ada akan take wasa da misalin ƙarfe 4 na yamma, a tashi wajen ƙarfe 6, dab da magariba. Saboda matsalar tsaro da hanyoyin jihar suka yi fama da ita, ba a son tafiyar dare. Wanda gidansa ke da nisa, kamar mutanen ƙauyukan Tsafe, ya shirya wurin kwana a Gusau tun daga gida, ko kuwa ya haƙura da mintunan ƙarshe ya kama hanya da sauran rana. Kuɗin motar komawa a keɓe shi daban, kada ya bi rake da gyaɗa.

A lura da yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan yi tsanani, don haka a sha ruwa sosai, a kuma sa hula ko malafa. Lokacin hunturu mai ciwon asma ya riƙe maganinsa saboda ƙura. Da damina kuwa, idan hadari ya taso da walƙiya, a nisanci ƙarafan shinge da gindin itatuwa.

Shiga fili

Ana so a isa da aƙalla awa ɗaya kafin a fara, domin cunkoso ya fi yawa a mintunan da ake shirin take wasa. Da yake lokacin ya zo daidai da la'asar, a tsara yadda za a yi salla ba tare da gaggawa ba. Idan wasan na tikiti ne, a saya a hannun jami'in da aka ɗora wa aikin, a riƙe shi har a fita. Mai babur ya ajiye shi inda ake da mai gadi, ya karɓi shaida.

Jami'an tsaro kan binciki masu shiga. Ba a yarda da wuƙa, gora, kwalba ko kowane irin makami ba. Kayan maye da caca haramun ne a dokokin Shari'a da jihar ke aiki da su tun shekarar 2000. Da zarar mutum ya zauna, ya duba ƙofar fita mafi kusa da shi. Yaro ƙarami kada ya rabu da hannun babba.

Ladabin kallo da hukunci

Hukuncin alƙalin wasa shi ne na ƙarshe a cikin fili. Ƙungiyar da take ganin an zalunce ta tana da hanyar kai ƙara a rubuce ga hukumar gasa. Jifa, ko tsallake shinge, ko dukan alƙali da baƙi, ƙungiyar gida ce ke biyan kuɗinsa: tara, rage maki, buga wasa ba 'yan kallo, ko mayar da wasanninta wani gari. Haka ya faru ga Kano Pillars a Oktoban 2025, inda aka rage mata maki 3 bayan rikicin wasanta da Shooting Stars. A 2022 ma hukumar FIFA ta ci Nijeriya tara bayan 'yan kallo sun afka cikin filin wasa na Abuja a ƙarshen karawa da Ghana.

Abin da ya fi wannan muni shi ne asarar rai. Ranar 9 ga Mayu, 2001, mutum 126 suka rasu a filin wasa na birnin Akara bayan jefe-jefe ya sa 'yan sanda harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga zuwa ƙofofin da ke rufe. Idan rikici ya tashi, kada a ruga da gudu. A nisanci shinge da bango, a bi jama'a a hankali, wanda ya faɗi kuma a ɗaga shi nan take.

Aikin jami'ai da shugabanni

Jami'in da ya ɗauko tawaga daga ƙaramar hukuma ya rubuta sunayen kowa da lambar wayar wani nasa, ya bar kwafi ga hakimi ko dagaci. A naɗa jagora ga kowace mota, a hana lodin da ya wuce ƙa'ida, a kuma ayyana wurin haɗuwa da lokacin tashi tun kafin a shiga. Masu kula da fili su tabbatar an buɗe dukkan ƙofofi kafin busan ƙarshe, kuma akwai motar ɗaukar marasa lafiya. Ba a tayar da mota sai an ƙirga kowa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.