Motar da aka ajiye: Abin da ke lalata ta, da yadda ake kare ta

Masu motoci da dama kan ɗauka cewa motar da aka kulle aka lulluɓe da tampol hutawa take yi. Sai dai makanikai sun daɗe da sanin cewa zama wuri guda na tsawon watanni yakan yi wa mota ɓarnar da zirga-zirgar yau da kullum ba ta yi mata.

Batun ya shafi mahajjata da kan shafe sama da wata guda a Saudiyya, da ɗalibai da ma'aikatan da ke tafiya ƙetare, da kuma 'yan kasuwa. Ya ƙara fitowa fili a lokacin kullen korona na shekarar 2020, da kuma bayan janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, lokacin da tsadar mai ta sa jama'a da yawa suka jingine motocinsu.

Batir ne kan fara mutuwa

Cikakken batirin mota yana nuna kimanin bolt 12.6 idan aka gwada shi. Ko da an kashe inji an zare makulli, agogo da rediyo da na'urar ƙararrawa da ƙwaƙwalwar motar na ci gaba da tsotsar wuta kaɗan-kaɗan. Shi kansa batirin yana zubar da caji ko ba a jona shi da komai ba, kuma zafi na ƙara gaggauta hakan, abin lura a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara kan haura digiri 40.

Lafiyayyen batir kan iya kai wata guda ko biyu kafin ya kasa tayar da mota. Tsoho kuwa makonni biyu ma sun ishe shi.

Matsalar ba ta tsaya ga ƙarewar caji ba. Idan batir ya daɗe babu wuta, wani farin gishiri kan daskare a jikin farantan dalma da ke cikinsa, kuma daga nan ko an yi masa caji ba ya komawa ƙarfinsa na da.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kwance kan batir mai alamar ragi, wanda galibi baƙar waya ce, a kauce da ita gefe. Shi ake fara cirewa, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa, domin kauce wa tartsatsi. Illar hakan ita ce ƙararrawar ɓarayi za ta daina aiki, wasu rediyoyin kuma sai an sake sa musu lambar sirri. Akwai ƙananan na'urorin caji da ake barinsu jone da batir, amma inda wutar lantarki ba ta da tabbas, masu amfani da hasken rana sun fi dacewa.

Ɗumama inji da safe

Al'adar da ta fi yaɗuwa ita ce a bar wa wani ɗan gida makulli, ya riƙa tayar da motar na minti biyar kowace safiya. Niyyar mai kyau ce, amma sau da yawa ɓarnarta ta fi amfaninta.

Tayar da inji na cin wuta mai yawa, kuma 'yan mintocin da motar ke yi tana ruri a tsaye ba sa mayar wa batir abin da aka ɗiba. Bugu da ƙari, ƙona lita guda ta fetur na samar da kusan lita guda ta ruwa a matsayin tururi. Idan inji bai yi zafi sosai ba, wani ɓangare na wannan ruwa kan kwanta a cikin salansa ya haddasa tsatsa, wani kuma ya gauraya da baƙin mai.

Saboda haka zaɓi biyu ne: ko dai a samu amintaccen direba ya fita da motar kan titi na minti ashirin zuwa talatin duk mako biyu, ya taka birki, ya kunna na'urar sanyaya ɗaki domin robobinta kada su bushe iskarta ta zurare, ko kuma a shirya ta da kyau a ƙyale ta har mai ita ya dawo.

Mai, taya da birki

Ana son a juye baƙin mai kafin tafiya, ba bayan dawowa ba, domin tsohon mai na ɗauke da dauɗa da sinadarai masu cin ƙarfe.

Shi ma fetur yana tsufa. Bayan watanni uku zuwa shida, sashensa mai saurin kamawa da wuta kan fice, ragowar ya yi danƙo ya toshe kafireto ko nozul. Cika tanki na rage iskar da ke ciki, da raɓar da ke taruwa a bangonsa, musamman da damina. Tsadar mai ta sa wannan shawara ta yi wa mutane da yawa nauyi, amma kuɗin sauya famfon mai da wanke tanki ya fi haka.

Taya kan rage iska a hankali, kuma gefen da nauyin mota ya danne kan baje, abin da ke sa sitiyari rawa idan aka hau titi. A kan ƙara iska kaɗan sama da adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ba tare da an wuce iyakar da ke jikin tayar ba. Idan tafiyar za ta haura rabin shekara, wasu kan ɗora motar bisa ƙarafan tallafi.

Birkin hannu kuwa gara a sake shi, domin idan ya daɗe a jaye cikin laima yakan manne. A maimakonsa a bar motar cikin giya a wuri mai shimfiɗe, a tokare tayoyin da katako ko bulo.

Wurin ajiya

Inuwar darbejiya ko mangwaro na da daɗi, amma kashin tsuntsaye da danƙon itace na cin fenti, ga kuma rassan da iskar farkon damina kan karya. Tampol na roba yana riƙe gumi, kuma idan aka rufa shi kan mota mai ƙura, iskar hunturu za ta yi ta goga shi har ya karce jikinta. A wanke motar, a bari ta bushe, sannan a rufe ta da ƙyalle mai shan iska.

Tudu ya fi kwari. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumban 2024 ta nutsar da motoci masu yawa a Maiduguri. Motar da ruwa ya shiga injinta ba a tayar da ita sai makanike ya duba, domin ruwan na iya lanƙwasa ƙarafan ciki.

Ɓeraye da gafiyoyi ma abin tsoro ne, domin sukan yi sheƙa a ƙarƙashin bonet su tattaune wayoyi. A kwashe duk wani ragowar abinci, a nisanta motar da buhunan hatsi, a toshe bakin salansa da tsumma, a kuma bar takardar tuni a kan sitiyari don kada a manta da shi.

Bayan dawowa

Kafin a murɗa makulli, a buɗe bonet a duba wayoyi, da baƙin mai, da ruwan lagireto, da man birki, a leƙa ƙasa ko akwai yoyo. Birki kan yi ƙara a kilomitocin farko saboda tsatsar da ta hau faifansa, kuma yawanci takan goge da kanta.

A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2321, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Roba na tsufa ko da zanen tayar bai cinye ba.

Takardu ma kan ƙare mota na ajiye. A Najeriya lasin mota da inshora na shekara guda ne, kuma a watan Janairun 2023 hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasar, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshora mafi ƙanƙanta na motocin gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000.