Kaushin hannu a lokacin hunturu: Abin da ya kamata a sani game da man kaɗanya da haɗin gida

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu da ke kaɗowa daga Sahara kan busar da fata har ta tsattsage. Hannu ne kan gaba wajen shan wannan wahala, musamman ga 'yan ga-ruwa, masu wankau, magina da matan da ke yini a bakin wanke-wanke.

Me ke kawo kaushi?

A saman fata akwai wani siririn maiƙo da ke hana ruwan jiki ƙafewa. Busasshiyar iska na zuƙe danshin, sabulun wanki da ruwan zafi na wanke maiƙon, siminti da toka kuma na cin fatar. Idan ta bushe sai ta daina miƙewa, ta dare a gaɓoɓin yatsu, wani lokaci har da jini. Aikin kowane man shafawa shi ne maye gurbin wannan maiƙo da ya tafi.

Mayukan da aka saba da su

Man kaɗanya, wanda wasu ke kira man kaɗe, shi ne ya fi shahara. Itaciyarsa na fitowa a dazukan da suka taso daga Senegal zuwa Uganda, kuma takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Mata ne ke tsintar ƙwarar, su dafa, su shanya, su soya, su niƙa, sannan su buga ta da ruwa har man ya taso. Yana narkewa da ɗumin jiki, shi ya sa yake shafuwa cikin sauƙi.

Akwai kuma man kwakwa, man alayyadi da man zaitun masu laushin fata, sai kakin zuma da ke riƙe mai a hannu. Basilin, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a 1872, yana cikin waɗanda suka fi toshe ƙafewar ruwa.

Yadda ake haɗawa

Ana zuba cokali biyu na man kaɗanya, ɗaya na man kwakwa da ɗaya na kakin zuma a kwano, a ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi har su narke. Sai a juya, a zuba a kwalba mai tsabta, a bari ya daskare. An fi cin moriyarsa idan aka shafa da zarar an wanke hannu tun da sauran lema, da kuma lokacin kwanciya barci.

Abin da za a guje wa

Ruwan lemun tsami da kanwa na ƙara tsananta tsaga, baƙin man mota kuwa yana ɗauke da guba. Haka nan mayukan bilicin da ake cakuɗawa a kasuwa na sirantar da fata, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansu. Idan tsagar ta kumbura, ta yi ruwa ko mugunya, ko mutum na da ciwon suga, asibiti ya kamata a nufa.

Kaɗanya da tattalin arziki

Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi samar da ƙwarar kaɗanya, musamman a jihohin Neja, Kwara da Kebbi, amma a da akan fitar da ita ɗanya, a sarrafa a waje, a dawo da ita cikin mayuka masu tsada. A watan Agustan 2025, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sanar da dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar na wata shida domin ƙarfafa masana'antun cikin gida. Farashinta ya faɗi bayan sanarwar, lamarin da ya fara shafar matan karkara da ke tsintar ta.