Takobin da ke Rataye a Zauren Kakana

'Yan uwa matasa, a gidanmu na gado da ke Bebeji akwai wani takobi, kubensa ya ɓaɓɓake, ƙotarsa tana girgiɗi. Kwanan baya wani dillalin kayan tarihi ya zo ya taya shi da kuɗi masu kauri, har gidan ya rabu biyu. Wannan ne ya sa na koma bincike.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, ruwan takubban ƙasar nan da yawa ba a nan aka ƙera su ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana kawo su daga garin Solingen na Jamus, ta hamada, a kan raƙuma. Maƙeranmu ke sa musu ƙota, dukawa su ɗinka kube. Ashe wanda zai saya ya kai Turai, wataƙila gida zai mayar da shi!

Sulke da kwalkwali da lifidi kuwa sun daɗe. Tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowarsu da Sarki Kananeji (1390-1410), ya kuma ce zamanin Kumbari (1731-1743) bindigogi suka zo. Kudancin Kano ta san amfanin waɗannan kaya, domin a ƙarni na 19 Ningawa sun sha kawo hari ta wajen Tudun Wada, suna kwashe mutane da dabbobi. Ganuwa da doki da mashi su ne kariyar talaka.

To amma ranar 1 ga Fabrairu, 1903, rundunar Kanar Morland, mai sojoji fiye da 700, ta iso Bebeji daga Zariya. Mutanen gari suka rufe ƙofa, suka ƙi sallamawa. Igwa ta fasa ƙofar, sarkin garin ya rasa ransa tare da jama'arsa da dama, Allah Ya jiƙansu. Kwana biyu bayan haka birnin Kano ya faɗi, Sarki Alu yana kan hanyar Sakkwato. Ina yawan tunanin waɗannan mutane. Sun san labarin igwa, sun san abin da ke hannunsu, suka tsaya.

Ba zan ce da wannan takobi aka tsaya a ƙofar ba, kakana ma bai taɓa faɗin haka ba. Amma dillali ƙarfe kawai yake so. Da zarar ya fita daga zauren, sunan gidan da na garin sun rabu da shi, ya zama ado a bangon wani.

Na ba baffannina shawara, in riƙonsa ya gagara, a kai shi Gidan Makama da ke Kano, inda ake ajiye irinsa, a rubuta asalinsa. Babbansu ya ce zai yi tunani. Takobin dai yana nan a rataye, na goge tsatsarsa, na shafa masa mai.