Tulun da Ba Ya Sanyaya Ruwa

A ɗakin kakata a Zuru akwai wani tulu da ba a taɓa zuba masa ruwa ba. Takan ce nauyinsa ya yi yawa, kuma ba ya sanyaya ruwa. Kakana ne ya zo da shi daga Abuja ta dā, wadda ake kira Suleja a yau, zamanin da garuruwan biyu suke ƙarƙashin Lardin Neja. Bayan rasuwarta wani dillalin kayan tarihi ya taya shi da kuɗin da ya girgiza 'yan gidanmu. Ni kuwa na roƙi kawunnaina su dakata, domin wanda bai san abin da yake riƙe da shi ba, ba zai san darajar abin da zai rabu da shi ba.

Na fara da kunne. Tulun gargajiya idan an ƙwanƙwasa shi amonsa a dushe yake, wannan kuwa ƙara yake kamar ƙararrawa, alamar an gasa shi da wuta mai tsananin zafi. Jikinsa na da rufi mai sheƙi irin na gilashi wanda ya toshe ƙofofin yumɓun. Ashe dalilin ƙorafin kakata ke nan, domin tulun da ba ya tsatsafa ba ya sanyaya ruwa. A ƙarƙashin sheƙin an zana ƙadangare da kunama da kifi, salon Gwarawa. A gindinsa na ga hatimi biyu: kalmar Abuja da haruffan Larabci, sai kuma LK.

Tarihi ya fassara mini su. A 1951 Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja, bayan ya ga tukwanen Ladi Kwali a gidan Sarki Sulaiman Barau. A 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Ta ci gaba da gina tulunanta da hannu kamar yadda ta gada, amma da yumɓu da gashin zamani. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, yau kuma hotonta na jikin naira ashirin.

Hatimi kaɗai ba hujja ba ne, ana iya ƙirƙirarsa. Sai amo da nauyi da zane sun gaskata shi. A tulunmu sun gaskata.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne matan Dakarkari da suka gina tukwanen da ake ɗorawa a kaburburan manyanmu. Ayyukansu sun kai gidajen tarihin Turai, amma babu hatimi a gindinsu, babu mai kiran sunayensu. Haruffa biyu ne suka raba su da Ladi.

Ba mu sayar da tulun ba. Yana nan inda kakata ta bar shi.