Adabin wahayi

adabin wahayi (suna, namiji) Rubuce-rubucen Yahudawa da Kiristocin farko da ke bayyana asirin sama da ƙarshen zamani ta hanyar ru'ya, galibi mala'ika na yi wa mai gani fassara. Sunansa na Girkanci, afokalufsis, yana nufin yaye lulluɓi. Ma'anar halakar duniya daga baya aka liƙa masa.

Adabi ne na mutanen da aka matsa wa lamba, shi ya sa zancensa duk habaici. A Daniyel sura 7, dabbobi huɗu ke fitowa daga teku, kowace daula ce. Akwai kuma wani ƙaramin ƙaho mai bakin fariya a surar, yawancin masana sun ce Antiyokus na Huɗu ne, wanda ya ƙazantar da Haikalin Urushalima a shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa. A Wahayin Yahaya, Babila Rum ce, lambar 666 kuma hisabi ne na haruffa, irin na malamanmu. Da yawa na ganin sunan Sarki Nero take bayarwa. Masu neman ranar tashin duniya a ciki sun sha kunya.

Littafin Anuhu, wani misali na wannan adabi, bai tsira cikakke ba sai da harshen Gi'iz na Habasha.